Yaron da Ya Gudu Daga Aji, a Ba Shi Aiki a Hannu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a zaman iyaye da malamai na unguwar Gangare, Jos)

  



An ba mu dama mu ce wani abu game da yaranmu da makaranta ke neman kuɓuce musu. Mu dai ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne, karatunmu kuma na Islamiyya ne. Amma mai shago yana ganin abin da hedimasta ba ya gani, domin yaron da ba ya cikin aji da ƙarfe goma na safe, ta ƙofar shagunanmu yake gilmawa.

Kowa a nan ya san irin yaran da muke nufi. Akwai wanda ya kai aji biyar na firamare bai iya karanta sunansa ba, kullum yana bencin baya. Akwai maraya da ke hannun kaka, ita kuwa ƙarfinta ya ƙare. Akwai yarinyar da farantin talla ya fi jakar makaranta sanin kanta. Akwai wanda ya fita da kayan makaranta da safe, ya ƙare a tasha ko a bakin rafin Dilimi. Mafi yawansu ba su lalace ba tukuna, suna bakin rami ne. To amma ramin muna ganinsa: sholisho, ƙwaya, da ƙungiyoyin sara-suka. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi, amma doka kwalba take ɗaukewa, ba ta ɗauke zaman banza.

Kuma wannan gari ya sha wuya. Rikicin 2001, da na 2008, da na 2010 sun bar marayu, sun raba yara da makarantun da suka saba. Gobarar babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairu na 2002 ta cinye jarin iyaye, ta kuma cinye dubban shagunan da yaro zai zauna ya koyi ciniki a gaban ubangida. Duk wannan a kan yara ya sauka.

Maganarmu a yau guda ɗaya ce. Yaron da ya gudu daga aji, sau da yawa ba daƙiƙi ba ne. Zama ne ya gundure shi, da bulala, da kunyar a tashe shi ya kasa a gaban tsara. In aka ba shi aiki na gaske a hannu, aiki mai fari da ƙarshe, wanda zai yi tare da 'yan'uwansa, a kuma nuna wa jama'a, to karatu da lissafi da ladabi duk sai su shigo ta cikin aikin. Malaman boko suna da sunan da suke kiran wannan hanya, mu dai a Hausance mu ce koyo ta hanyar aiki, a haɗa da fasaha: zane, gini, ɗinki, waƙa da wasan kwaikwayo.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ce an kawo mana sabon salo daga Turai. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara. Takan tsara darasi a waƙe, jajis su haddace, su kai wa 'Yan Taru a garuruwansu. Ɗalibin allo kuwa, shi ke haɗa tawadarsa, ya fere alƙalaminsa, ranar sauka kuma a yi wa allonsa zayyana a fito da shi gaban jama'a. Wannan ai aiki ne da fasaha da baje koli a wuri ɗaya.

A ɓangaren boko ma haka. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda ake koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa da saƙa. Malam Aminu Kano, lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauci, yakan rubuta wasan kwaikwayo ɗalibai su yi, domin ya san abin da aka gani da ido ya fi zama a zuciya. A Kudu, Tai Solarin ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, ɗalibai na sa hannu a ginin ɗakunansu da noman abincinsu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun tsakiyar shekarun 1970, ɗaliban wasan kwaikwayo kan shiga Samaru da ƙauyuka, su saurari damuwar mutane, su mai da ita wasa a dandali, a yi dariya, sa'an nan a zauna a tattauna mafita.

Ga kuma misali na gida. Marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, an haife shi a Bukuru a 1946, uwa da uba suka rasu yana jariri, Sarkin Bukuru ya riƙe shi. Da a yau ne, da yana cikin jerin yaran da muke tsoron su lalace. Me ya riƙe shi? Gwangwani da fatar akuya da tsirkiya ɗaya, wato kuntigi. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya zagaya ƙasashen duniya, har Allah ya karɓi ransa a 2015. Ba muna cewa kowane yaro ya zama makaɗi ba ne. Muna cewa an sami babba da ya riƙe shi, aka kuma bar hannunsa ya sami abin yi.

Gwamnati ma ta taɓa gane wannan. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an ce kowane yaro a ƙaramar sakandare zai taɓa zarto da guduma. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje. A makarantu da yawa ba wuta, ba malamin da ya iya tada su, suka yi tsatsa a cikin akwatunansu. Darasin da ke ciki shi ne, ba inji ne ke koyarwa ba, mutum ne. Mu kuwa a Gangare in ba mu da inji, muna da mutane.

Yadda aikin zai kasance

Bari mu sauko ƙasa, kada magana ta tsaya a sama. A ɗauki yara goma ko goma sha biyu, 'yan shekara goma zuwa goma sha biyar. A haɗa su da manya uku: malamin makaranta ɗaya, mai sana'a ɗaya, dattijo ko dattijuwa ɗaya. A ba su wata uku, wato zangon karatu ɗaya, suna haɗuwa sau uku a mako bayan la'asar ko ranakun da ba makaranta. A gaya musu tun ranar farko abin da za su fitar, da ranar da za a nuna shi.

Aikin farko da muke ba da shawara shi ne taswirar unguwarmu da tarihinta. A ba yara igiyar awo su auna lunguna. Malam ya ce musu kowace mita 10 a ƙasa santimita 1 ce a takarda. Yaro ya auno lungu ya sami mita 85, dole ya gano cewa zai ja layi na santimita 8 da rabi. Ga rabawa ta shigo, ga ɗigo ya shigo, shi kuwa bai san lissafi yake yi ba, a ganinsa lungun gidansu yake zanawa. In ya yi kuskure, ba sai an dake shi ba, taswirar ce za ta nuna masallaci ya hau kan gidan maƙwabci, abokansa su yi dariya, ya koma ya sake awo.

Daga nan sai a tura su biyu-biyu wurin tsofaffi, da wayar hannu su ɗauki murya. Kafin su je, dattijon da ke tare da su ya koya musu yadda ake sallama, a durƙusa, a gaisa, a nemi izini, a yi tambaya ba tare da katse babba ba. Ga ladabi ya shigo. Abin da za su ji kuwa ba kaɗan ba ne. Za su ji yadda kakanni suka zo haƙar kuza daga Kano da Katsina da Bauci da Zazzau. Za su ji labarin ƙaramin jirgin ƙasa da ya iso nan daga Zariya a 1914, aka rufe layinsa a 1957, da babban layin da ya iso ta Kafancan a 1927. Za su ji labarin ɗiban gwamna a lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, sa'ad da aka kwaso dubban mutane aikin tilas a ramukan kuza, sanyin Filato da yunwa suka hallaka da yawa. Za su ji yadda farashin kuza ya faɗi a 1985, aka bar mana kududdufai.

Sai su dawo su rubuta abin da suka ji, da boko ko da ajami, wanda yaro ya fi iyawa, malam yana gyara. Yaron da ke ƙin rubutun "Audu ya tafi kasuwa" zai zauna ya rubuta maganar kakansa, don ya san za a karanta a gaban kakan. Masu hannun zane su zana, masu son laka su gina ƙaramar siffar tashar jirgi da gidajen lebura na da, masu baki su tsara wasan kwaikwayo na minti ashirin a kan isowar ɗan kuza garin Jos. Kowa da ƙofar da zai shiga.

Aiki na biyu, benci. Islamiyyunmu da yawa yara a ƙasa suke zaune. A ba wata ƙungiyar yara aikin benci goma, tare da kafinta. Su je kasuwar katako da kansu su tambayi farashi, su yi ciniki. Falanki mai ƙafa 12, benci mai ƙafa 6, falanki nawa za a saya har da ƙafafu? Ƙusa nawa? Ladan mai amalanke nawa? Su buɗe littafi, shiga da fita, kamar yadda muke yi a shago. Ranar da aka kai bencin, a rubuta sunayensu a ƙarƙashi. Yaron da ya ƙera benci da hannunsa, ba ya karya bencin makaranta, kuma ba ya barin wani ya karya.

Aiki na uku, na 'yan mata da iyayenmu mata. Ɗinkin hula, saƙa, rini, ƙunshi, haɗa sabulu. A ɗinkin hula akwai ƙirga da daidaita zane, a rini akwai awo. Yarinyar da ke talla ta riga ta iya canji fiye da wasu 'yan sakandare, abin da ya rage a koya mata rubuta shi: jari nawa, riba nawa, bashi nawa. In abin da take yi a cikin gida ya fara kawo abin da farantin talla ke kawowa, uwa ba za ta hana ta zuwa makaranta ba. Mu san cewa ba ƙiyayya ke sa uwa ta ɗora talla ba, tukunya ce.

Akwai kuma maganar kwata da shara, wadda duk damina take kawo mana amai da gudawa. Yara su zagaya su ƙirga wuraren da ruwa ke kwanciya, su sa a taswirar da 'yan'uwansu suka zana, su yi wasan kwaikwayo a kai, su rubuta takarda zuwa ga kansila da hannunsu.

Sharuɗɗa

Wannan hanya tana da sharuɗɗa, in aka bar su sai ta zama wasan yara.

Na farko, aikin ya zama abin da ake buƙata da gaske. Yaro yana gane aikin ƙarya, kamar yadda yake gane tsohon kuɗi.

Na biyu, kada ya zama irin koyon sana'ar da yaro zai shekara biyu yana sayo wa oga abinci da shara, bai taɓa zarto ba. Kada kuma ya zama hanyar samun lebura kyauta. In an sayar da abin da suka yi, a ba su rabonsu a gaban iyaye.

Na uku, aikin ba madadin makaranta ba ne, igiya ce ta jawo yaro ya koma. Sharaɗin zama cikin ƙungiya shi ne sunanka ya fito a rajistar aji, ta boko da ta Islamiyya. Malamin da ke tare da su ya riƙa dubawa kowane mako.

Na huɗu, kada a kira su ƙungiyar kangararru. A gauraya su da yara masu ƙoƙari. Sau da yawa na bencin baya shi zai fi iya riƙe guduma, ranar nan na gaban aji ya zo yana tambayarsa. Wannan rana ɗaya tana iya juya rayuwar yaro.

Na biyar, a ajiye bulala a wannan wuri. Wanda ya yi laifi, hukuncinsa a hana shi taɓa kayan aiki na kwana ɗaya. Za ku ga ya fi jin wannan.

Na shida, a cika alkawarin ranar nuni. A share fili, a shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya zo, liman ya zo, iyaye su zo. A gayyaci maƙwabtanmu, Birom da Anaguta da Afizere da Ibo da Yarabawa, da yaransu, domin kakanninsu ma sun yi aikin kuza, suna da nasu labarin. Yaron da aka tafa wa a gaban mahaifinsa ba ya buƙatar ya ɗauki wuƙa don a san da shi. Abin da 'yan sara-suka ke ba yaro ke nan, suna da ƙungiya da jin cewa shi wani ne. In ba mu ba shi ta hanyar alheri ba, su za su ba shi.

Tambayar addini da ta kuɗi

Mun san wasu iyaye za su ce, kiɗa da wasa da zane fa? Hukunci na malamai ne, ga su nan zaune, su za su shata iyaka, kuma duk wasan da za a yi a nuna musu tukuna. Amma ko a cikin abin da ba a saɓa a kansa ba, filin yana da faɗi: rubutun Larabci mai kyau, zayyana, adon gini, ɗinki, dukanci, waƙar wa'azi ba kiɗa, da muhawara irin wadda 'yan Islamiyya ke yi ranar walima. Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi, Annabi Dawuda ya ƙera sulke, Annabi Zakariyya kafinta ne, amincin Allah ya tabbata a gare su. Aikin hannu ba ƙasƙanci ba ne.

Maganar kuɗi kuwa, abin da ake buƙata igiyar awo ne, da kwali, da fenti, da laka, da zare da allura, da falanki kaɗan. Wannan bai fi ƙarfin 'yan kasuwar Gangare ba. Kowane layi na kasuwa ya ɗauki nauyin ƙungiya ɗaya na wata uku, a rubuta abin da aka karɓa da abin da aka kashe, a karanta a gaban jama'a.

Sa'an nan Allah ya ajiye mu a garin da wasu ke biyan kuɗin mota su zo gani. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana nan cikin gari, da kayan tarihin Nok da aka fara tonowa a wurin haƙar kuza a 1928, da zauren tukwane. A gefensa akwai wurin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19. Yara nawa a unguwar nan suka taɓa shiga? A kai su, su auna kaurin bango, su ga yadda aka ɗaure bakan gizo da azara ba ƙarfe ba siminti. Hedkwatar ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971, a Jos take. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantarta ta koyon aikin fim a Jos suke. Jami'ar Jos tana da sashen wasan kwaikwayo. Shugabannin wannan ƙungiya su rubuta takarda, su taka da ƙafa, su nemi a ba yaranmu ziyara ko a aro mana ɗalibi ɗaya ko biyu. Mai nema yana tare da samu.

Roƙonmu

Ga malamai, muna roƙon kowace makaranta ta fitar da sunayen yara biyar da take tsoron rasawa, a asirce, ba tare da tozarta kowa ba. Ga masu sana'a, kafinta da tela da maƙeri da magini da baduku, awa biyu sau uku a mako muke roƙo. Ga samarinmu da suka gama jami'a da kwaleji suna jiran aiki, ga aiki nan kafin na gwamnati ya zo. Ga iyayenmu dattawa, ku buɗe ƙofa in yaran nan sun yi sallama, domin abin da ke cikin kanku babu shi a littafi, in kun tafi ya tafi. Ga iyaye mata, ku ne kuka san yaron da ya fara dawowa gida ido ja, ku faɗa da wuri.

Kada mu fara da yawa. Ƙungiya biyu ta isa a zangon farko, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata. Bayan wata uku mu dawo nan mu duba rajista: yara nawa muka fara da su, nawa suka kai ƙarshe, nawa ke zuwa aji yanzu, nawa suka iya karanta abin da suka rubuta. In ya yi kyau mu ƙara, in akwai gyara mu gyara. Ba kowane yaro za a samu ba, shiriya ta Allah ce. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Takarda tana wurin magatakarda. Duk mai sana'a ko malami ko dattijon da ya yarda ya ba da lokacinsa, ya rubuta sunansa kafin ya fita.

Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya.